Filin Lokeshan: Yini Guda A Jos

Duk ma'abocin kallon finafinan Hausa ya san yadda furodusoshi ke son duwatsun Jos in za a ɗauki waƙa. To amma garin ya wuce wurin rawa kawai.

Mai ziyara ya fara da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda aka adana kawunan yumɓu na mutanen Nok masu shekaru sama da 2,000. A nan kusa an gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ga lokeshan na fim ɗin tarihi a ɓagas, ina daraktocinmu?

Da azahar sai tafkin Rayfield, da la'asar kuma a gangara Assop, inda ruwa ke ɓarkowa daga kan dutse.

Sai dai a yi hattara. Tafkin nan tsohon ramin haƙar kuza ne, zurfinsa ba wasa ba, duwatsun Assop kuwa santsi gare su, musamman da damina. Jarumin da ake gani yana tsalle a bakin ruwa, akwai ma'aikata a bayan kyamara suna lura da shi. Ɗan kallo fa, wa zai tare shi? A ɗauki hoto daga nesa, a koma gida lafiya.