A Buɗe Bakin Zobe Ga Masu Hutu

A Amurka, magidanci kan kwashi iyalinsa cikin doguwar mota mai gado da murhu da makewayi, ya nufi bakin tafki ya yi kwana uku. Can zai tarar da famfo, da wurin jona wuta, da mai gadi. Ya biya kuɗin kwana, garin da ke kusa ya ci kasuwa.

Yammacin Katsina ma yana da ruwan da za a yi haka. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-ma, ga faɗi, ga masunta, ga sabon kifi. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin tura ruwanta zuwa birnin Katsina, amma har yau bakinta na jiran mai gyarawa.

Matsalar ita ce dare. Mutumin Darini, da na sauran ƙauyukan Batsari da Safana, ya daɗe yana barci da ido ɗaya saboda 'yan bindigar dajin Rugu. Wa zai ce masa ya shimfiɗa tabarma a bakin ruwa?

Don haka ya kamata gwamnatin jiha ta fara da yini. A killace fili, a kafa rumfuna da masallaci, a girke jami'an tsaro, a bai wa mata masu suyar kifi wuri. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma kaɗai sun isa su cika shi ranar Asabar.