Wasan mota a Rigasa: a fara duba kujera kafin a duba inji

Jama'a, duk sallah ko lokacin bukukuwa maganar nan sai ta dawo. Samari su samu kwalta mai faɗi, a taka totur, a ja birkin hannu, mota ta yi ta juyi, taya na kuka, yara sun kewaye suna ihu. Washegari mutane su rabu biyu: masu cewa a kama su a ƙwace motocin, da masu cewa a ƙyale su, ƙuruciya ce.

A kan titin jama'a kam ba ni da ja, bai halatta ba. Rigasa cike take da mutane, ga 'yan makaranta, ga masu Keke, ga masu talla a bakin hanya. Amma shekara nawa ana kame, wasan bai mutu ba, wuri kawai yake canzawa. Shi ya sa nake ganin a ba su fili mai shinge da ƙa'ida. Kuma ƙa'idar farko ba ta inji ba ce, ta kujerar direba ce.

A Ingila akwai gasar da talakan direba ke shiga da motar da yake zuwa aiki da ita. Ba a sakin motoci tare, ɗaya bayan ɗaya ake yi, agogo ne alƙali. Kafin ka shiga fili sai jami'in duba mota ya bi ta, kuma cikin abubuwan da yake kamawa ya girgiza har da kujera. Idan tana motsi, ko bel ya tsage, ko ba ka da hular kwano mai inganci, ranar ɗan kallo ne kai. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane mahayi ne zai fita sukuwa bai ja majayi ya tabbatar sirdi ya zauna ba?

To yanzu leƙa cikin motocin da yaranmu ke wasa da su. Yawanci 'yan Kwatano ne da suka sha duniya. Layin da kujera ke gudu a kai ya karye, an kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta. Noti huɗu ya kamata su riƙe ta, biyu suka rage. An cire matashin kai wai ya fi kyan gani. Bel kuwa an zagaya da shi ta bayan kujera an maƙala, don ƙarar nan ta daina damun mutum. Sai kuma gayun da ya fi ba ni tsoro, wato kwantar da kujera har direba ya koma kamar mai kishingiɗa a tabarma, hannu ɗaya a sitiyari. Wanda ya kwanta haka, ko ya ɗaura bel, idan aka yi karo sulalewa zai yi ta ƙarƙashinsa, bel ɗin da ya kamata ya riƙe ƙashin ƙugu ya haye cikinsa ya yi wa hanji illa.

Lissafin ba wuya, na sakandare ne. Karo da abu tsayayye a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Idan gudun ya kai 100, ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan mita 40. A wannan daƙiƙar, abin da ke tsakaninka da gilashi shi ne bel da notin da ke riƙe da kujera. Inji ya gama nasa aikin.

Wani zai ce to sai a sayo kujerar tsere a ɗaura. A nan ma a yi hattara. Hukumar FIA da ke kula da tseren motoci a duniya tana sa wa kujerun da ta amince da su lamba da wa'adi, wasu shekara 5, wasu 10. Wadda ake sayarwa da araha, ja da baƙi da tambari a jiki, sau da yawa ado ce kawai. Wallahi kujerar kamfani da ke zaune daram a kan notinta na asali, da bel ɗinta lafiyayye, ta fi jabun kujerar tsere da aka liƙa da walda. Haka bel mai zuwa ta kafaɗu biyu: yana riƙe mutum a miƙe, don haka idan babu kejin ƙarfe a cikin motar kuma ta kife, rufin kansa zai sauko wa. Kayan nan tare suke aiki, ba a ɗaukar ɗaya a bar sauran. Ko ƙwararru sai da suka ga gawa suka yarda. Dale Earnhardt ya mutu a tseren Daytona na Amurka a 2001 sakamakon karaya a gindin ƙoƙon kai, kuma a shekarar aka wajabta wa direbobin gasar na'urar riƙe kai da wuya.

Abin da ke ba ni takaici, Kaduna ce fa. Garin da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Muna da Panteka, muna da Kadpoly da ke yaye injiniyoyin mota. Akwai ƙungiyar ATCN da ke wakiltar Najeriya a FIA. A 2020 ma an yi gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu, lokacin Jelani Aliyu na shugabantar NADDC. Mutanen da za su rubuta ƙa'ida mai shafi biyu ba su yi mana ƙaranci ba.

Na san za a ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta wasan 'ya'yan masu hali? Gaskiya ne, kuma ban ce gwamnati ta kashe ko sisi wajen gina filin tsere ba. A matsayina na ma'aikaci na san yadda irin wannan fayil ke kwana a tebur. Masu wasan su kafa ƙungiya, su yi hayar fili, su biya kuɗin shinge da motar asibiti daga aljihunsu. Na hukuma shi ne izini da dubawa, FRSC da KASTLEA su turo jami'i. Tun 2003 Road Safety ke tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, sun san abin da za su duba.

Mota ɗaya a lokaci ɗaya, direba shi kaɗai, ba aboki a gefe yana ɗaukar bidiyo, balle waɗanda ke zama a kan taga. Duk wanda aka sake gani yana juyi a kan titin unguwa, ƙungiyar da kanta ta hana shi fili na shekara guda, sannan ta miƙa lambar motarsa.