Ruwa Biyu a Madadin Layin Ƙasa: Sauyin Yocto na 2021

A watan Oktoban 2021, sigar Yocto ta 3.4, mai suna Honister, ta sauya alama guda a ƙa'idar rubuta umarnin haɗa manhajar da ke tafiyar da ƙananan na'urori. Inda aka saba rubuta SRC_URI_append, yanzu sai SRC_URI:append. Injiniyoyi da dama sun yi gunaguni, amma masu sauyin suna da hujja. Ɗan layin ƙasan nan aiki biyu yake yi: wani lokaci ɓangaren suna ne, wani lokaci sharaɗi ne da ya shafi wata na'ura kaɗai, kuma BitBake, manhajar da ke karanta umarnin, sai ta yi ta kintace. Ruwa biyu ya raba gardamar.

Haɗarin yana wajen gyara tsofaffin fayiloli. Idan aka bar _append yadda yake, BitBake za ta tsaya ta yi ƙorafi, kuma wannan alheri ne. Amma layin da aka ɗaure da sunan na'urar kamfani, in ba a sauya shi ba, sai a ɗauke shi a matsayin sabon suna da babu mai amfani da shi. Haɗi ya kammala lami lafiya, alhali wani gyara bai shiga ba, sai na'ura ta isa hannun mai saye a gane.

Rubutun convert-overrides.py da aka tanada yana rage wahala, sai dai bai san sunayen da kowane kamfani ya ƙirƙira ba. Don haka kada a amince da aikinsa sai an kwatanta sakamakon bitbake -e na tsohon tsari da na sabo, layi bayan layi.