Akwai da Babu: Wa Ya Riga Wani?

A ajin baftisma na kwanakin baya, wani saurayi da ya dawo hutu daga jami'a ya ɗaga hannu ya ce mana, "Malam, masana sun gano duniya ta fito daga babu da kanta. To, ina aikin Allah a nan?" Wasu dattawa suka so a tsawata masa. Mu muka ce a'a. Yaron da aka hana tambaya a majami'a zai kai ta wani wuri, kuma can ba mu san wanda zai amsa masa ba.

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1714 wani masanin falsafa Bajamushe, Leibniz, ya tambaya me ya sa akwai wani abu, maimakon a ce babu kome sam. A 2012 kuma wani masanin kimiyya a Amurka, Lawrence Krauss, ya fitar da littafi yana cewa kimiyya ta amsa. Hujjarsa ita ce, sararin da muke gani kamar wofi yana da ƙarfi a cikinsa, ƙananan ƙwayoyi suna ɓullowa suna ɓacewa, saboda haka duniya za ta iya ɓullowa ta wannan hanya.

Sai mu tsaya mu auna kalmar nan "babu". In manomi ya leƙa rumbu a watan Yuli ya ce babu kome, ai hatsi yake nufi. Rumbun yana nan, iska tana ciki, ƙasar da aka kafa shi tana nan. Babun Krauss irin na rumbu ne, gama akwai ƙarfi, akwai dokokin da abubuwa suke bi. Wani masanin falsafa, David Albert, ya faɗa masa haka a shekarar nan, ya tambaye shi inda dokokin suka fito. Babu na ainihi ba shi da wuri, ba lokaci, ba doka. Abin da ba shi nan kuwa ba ya haihuwa.

A nan ne koyarwar Ikkilisiya take da nauyi. Maginin tukunya sai da yumɓu, masaƙi sai da zare. Masu bi na farko sun ƙi a kwatanta Allah da su. A ƙarni na biyu Ireniyas, bishop na Liyon, ya yi gardama da masu cewa duniya aikin wani ƙaramin allah ne, ya nace cewa Allah ɗaya ya yi kome, har da kayan aikin. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ƙara da cewa lokaci kansa halitta ne. Don haka ba a tambayar abin da Allah yake yi "kafin" halitta, gama "kafin" ɗin ma shi ya yi shi. A Fitowa sura 3, sunan da ya ba Musa daga kalmar kasancewa ya fito. Mu aron rai muke yi, shi kuwa bai ara a wurin kowa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma, a karatun tauhidi, wujudi suke fara lissafawa cikin siffofin Allah, suna ce masa wajibul wujudi.

Amma kada mu ga laifin saurayin kaɗai. Sau da yawa mu masu koyarwa muna maganar Allah kamar wani babban sarki ne da yake zaune a wani lungu na sama, abu ɗaya cikin abubuwa, sai dai ya fi girma. Allahn da aka ajiye a lungu, ranar da na'urar hangen nesa ta leƙa lungun ba ta gan shi ba, bangaskiyar yaro ta rushe. Kada kuma mu yi gaggawar cewa kimiyya ta tabbatar da Littafin Farawa. Mutumin da ya kawo ra'ayin cewa duniya ta faro daga ɗigo guda a 1931, Georges Lemaître, fada ne na Katolika daga Beljiyam, shi da kansa kuwa ya ƙi a mai da lissafinsa hujjar halitta. Masana sun ce shekarun duniya wajen biliyan 13.8 ne. Wannan ya gaya mana yaushe da yaya. Bai gaya mana don me akwai ta ba.

Wani zai ce wannan gardamar masu ƙoshi ce. Ba haka ba ne. Ranar da muka tsaya bakin kabari, tambayar nan ce take cin zuciyar gwauruwa: mijina ya koma babu ne? In babu ne asalinmu, shi ne makomarmu. In kuwa wanda ya kira mu daga babu yana nan, ba zai gagara sake kiranmu ba.

Shawararmu ga fastoci da katikis ita ce, mu karanta, mu bar matasa su yi tambaya, in ba mu sani ba mu ce za mu bincika. Saurayin nan ya dawo aji Lahadin da ta biyo, da sabuwar tambaya. Mun yi murna da ganinsa.

Allah ya ba mu ganewa. Amin.