Uganda Ta Buɗe Ƙofa, Masu Alkawari Sun Zame

A watan Yulin 2016 faɗa ya sake ɓarkewa a Juba tsakanin sojojin Shugaba Salva Kiir da na mataimakinsa Riek Machar. Mutanen Sudan ta Kudu suka dinga kwarara zuwa arewacin Uganda da ƙafa, kaya a ka, goyo a baya, akasarinsu mata da yara. A watan Agusta aka share daji a gundumar Yumbe, aka kafa matsugunin Bidibidi, wanda cikin ƴan watanni ya tara kusan mutum 270,000. Zuwa Agustan 2017, waɗanda suka tsallaka iyakar sun kai miliyan ɗaya.

Abin da Uganda ta yi ya cancanci yabo. Dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar yin aiki, da kasuwanci, da zuwa duk inda ya ga dama. Ana yanka wa iyali fili su yi bukka su ɗan noma, ƴaƴansu kuma su shiga makaranta tare da ƴaƴan gari. Filin nan ba na masu hannu da shuni ba ne. Talakawan yankin ne suka ba da gonakin gado, wasunsu saboda suna tuna cewa su ma sun taɓa fakewa a kudancin Sudan bayan faɗuwar Idi Amin.

To, ina sauran duniya? A taron neman tallafi da aka yi a Kampala a Yunin 2017 an nemi dala biliyan biyu, alkawuran da aka samu kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A 2020 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabon abinci da kashi 30 cikin ɗari, ta sake zaftarewa daga baya, har a 2025 ta cire kimanin mutum miliyan ɗaya daga rabon baki ɗaya. Ɗan fili ba ya ciyar da gida shekara guda. Idan rabo ya yanke, uwa ce ke haƙura da nata kason, yarinya a cire ta daga makaranta a aurar, rikici kan itacen girki da ruwan famfo ya tashi tsakanin baƙo da mai masaukinsa. Wanda ya ga ƴan gudun hijirar Najeriya a Minawao ko Diffa ya san wannan hali.

Gaskiya ne, a 2018 an bankaɗo aringizon sunaye a rajistar ƴan gudun hijira ta Uganda, aka sake ƙidaya da ɗaukar hoton yatsu, adadi ya ragu sosai. Wannan jarida na ganin masu laifin ne ya kamata su ɗanɗana kuɗarsu, bai kamata a huce a kan mai jego da ke layin masara ba.

Komawa gida ma ba ta yiwu ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2018 tana tangal-tangal, an yi wa Machar ɗaurin talala a Maris 2025 bayan faɗan da aka yi a garin Nasir, sabbin masu gudu kuma na ci gaba da isowa. Tarayyar Afirka da ƙungiyar ƙasashen yankin ta IGAD su matsa wa shugabannin Juba lamba, ƙasashen da suka yi alkawari a Kampala su biya, a kuma sa kaso mai tsoka cikin rijiyoyi, asibitoci da makarantun gundumomin Yumbe da Adjumani, inda baƙi da ƴan gari ke bin layi ɗaya.