Legas zuwa Kano: awa ɗaya da rabi a tikiti, yini guda a filin jirgi

Duk wanda ya duba tikitinsa na Legas zuwa Kano zai ga an rubuta awa ɗaya da rabi, ko da 'yan mintuna a kai. Ba ƙarya suka yi ba. Daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano, tazarar ta sama kilomita 830 ce da ɗoriya. A mota kuwa, ta Ibadan, Ilori, Jebba da Mokwa, tafiyar ta kai kilomita dubu, kuma sai an kwana a hanya.

To amma mu mazauna kurmi ba don shan iska muke hawa jirgi ba. Galibi waya ce ake bugowa da asuba: an yi rasuwa, jana'iza bayan azahar. Haka ta faru da ni a hunturun bara, da kawuna ya cika. Na bar Alaba Rago ƙarfe shida, cunkoso ya ci min awa biyu kafin Ikeja. Jirgin ƙarfe goma aka ce, aka ɗaga zuwa sha biyu, aka sake ɗagawa, wai hazo ya rufe Kano. Ina zaune a kujerar jira aka turo min saƙo cewa har an dawo daga maƙabarta.

Hazon gaskiya ne, daga Disamba zuwa Fabrairu yakan hana sauka a filayen Arewa. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka saki naira a 2023, hayar jirgi da kayan gyara da inshora, waɗanda duk da dala ake biya, suka yi wa kamfanoni nauyi. Jirage suka yi ƙaranci, ƙwaya ɗaya ke zagaya garuruwa da dama a yini. In ya makara da safe a Abuja, mai jiran Kano da yamma shi zai biya bashin. 'Yan uwanmu na Fatakwal da Inugu nasu ya fi namu, don sau da yawa sai sun canza jirgi a Abuja.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke yin shiru, mu ce haka Allah ya so. Alhali a ƙa'idar hukumar NCAA, in jinkiri ya kai awa biyu a ba ka abin taɓawa, in ya kai awa uku kana da ikon karɓar kuɗinka. Ran nan ban ga wanda ya tambaya ba, har da ni.

Yanzu dai in tafiyar gaggawa ce jirgin farko na safe nake nema, ko da ya fi tsada, tunda shi yakan kwana a fili. In kuma wayar ta zo bayan ya tashi, ina cewa kada a jira ni, zan iso gaisuwa.