Sharhi: Kafin a sayi famfo mai layi, a tambayi wanda ke riƙe da makullinsa

Mutumin Gangara da ke gundumar Gazawa a jihar Maraɗi bai buƙaci a koya masa riƙe layi biyu ba. Iyakar jihar Katsina na nan kusa, don haka a wasu wuraren sabis ɗin Najeriya ya fi na gida ƙarfi, a wasu kuma sai rezon Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Idan wannan ya ɗauke, sai ya koma wancan. Haka abin yake a ƙauyukan Gidan Rumji da ke maƙwabtaka da jihar Sakkwato. Matsalar da ke tafe ita ce, yanzu ba mutane kaɗai ke riƙe da layi ba. Famfon ban ruwa, na'urar sola ta biya kaɗan-kaɗan, mitar ruwa, na'urar bibiyar babur, duk suna magana da kamfaninsu ko mai su ta hanyar sim. Su kuwa ba su da hannun da za su cire wannan su sa wancan.

Wannan ba labarin Turai ba ne. Ɗan Nijar Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin da manomi ke kunna ruwan garkarsa ya kashe ta wayar salula, aikin da ya ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A Kenya, kamfanin M-KOPA ya gina kasuwancinsa ne kan sim da ke cikin na'urar sola: a biya ta kawo wuta, a daina biya ta rufe. Yawancin irin waɗannan kaya da za su shiga Agye da Gazawa, kuɗin 'yan ci-rani ne zai saye su, daga Kano, Abijan, Aljeriya ko Libiya. Mai aiko kuɗin yakan tambayi ƙarfin injin da farashinsa, da wuya ya tambayi irin layin da ke ciki.

Mafi arha shi ne katin roba da aka saba, wanda ake saya a bakin titi a yi masa rajista a tura cikin na'ura. Amfaninsa ɗaya ne, kuma babba: kowane mai gyaran waya a kasuwa zai iya sauya shi. Amma an yi shi ne don aljihu. Akwatin ƙarfe da ke tsakiyar gona a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ko a inuwa, ga ƙurar hunturu da jijjigar inji, yana cinye bakin katin a hankali. Ana iya zare shi a sa a waya a cinye datar. Kamfani kuma kan karɓe layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba ya sayar wa wani, kuma famfon rani yakan kwana duk damina a kashe. Ga batun rajista: da Najeriya ta tilasta haɗa layi da lambar NIN daga Disamban 2020, miliyoyin layuka sun fuskanci rufewa. Famfon da ke aiki da layin wani ɗan'uwa da ya tafi ci-rani yana cikin irin wannan haɗari.

Na biyu shi ne sim ɗin da ake liƙewa a jikin allon na'ura tun daga masana'anta, ɗan mitsitsi mai milimita 5 da 6. Na masana'antu yana jure zafi har digiri 105, ba a zare shi, ƙura ba ta shiga tsakaninsa da allo. A nan ne 'yan kasuwa ke rikita mai saye, domin duk abin da aka liƙe sai su kira shi eSIM. Liƙewa daban, ikon sauya kamfani daban. Sim da aka liƙe da layin kamfani ɗaya tal aure ne babu saki: ranar da eriyar wannan kamfani ta lalace ko ya tsauwala kuɗi, sai dai a sayi sabon allo.

Abin da ya cancanci sunan eSIM shi ne wanda ake iya aika masa layin wani kamfani ta iska, ba tare da kowa ya taka zuwa gona ba. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai suna SGP.32 a 2023 musamman don na'urorin da ba su da fuska ko madannai, saboda tsohon tsarin ya dogara da saƙon tes da kuma doguwar yarjejeniya tsakanin kamfanin da za a bari da wanda za a koma. Duk da haka akwai sharaɗi biyu. Dole na'urar ta sami ko da ɗan guntun sabis kafin sabon layi ya sauka. Kuma wanda ke riƙe da makullin sauyawar shi ne mai iko na gaskiya. Idan dillali ne a wata ƙasa, manomi ya sauya ubangida ne kawai. Akwai ma iSIM, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar kanta, ba ya cin wuri ko batir sosai, sai dai har yanzu bai yawaita a kasuwa ba.

Wanda ya fi jan hankali ga mazauna iyaka shi ne layin yawo, wato na kamfanin waje da ke hawa duk eriyar da ya samu, ko kati guda mai ɗauke da lambobi da dama yana sauyawa da kansa. Ga Gangara, wannan kamar an auna ne aka ɗinka. Amma siyasa tana iya yanke shi. A Satumban 2021 an rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda 'yan bindiga. Duk na'urar da ke wannan tsallaken tana jingine da eriyar can, da ta yi shiru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Yarjejeniyar soke kuɗin yawon layi da aka sa wa hannu a Yamai a Nuwamban 2024 ta shafi Mali da Burkina Faso da Nijar ne, ba Katsina ko Sakkwato ba. Ƙasashe irin su Brazil da Turkiyya ma sun hana layin waje zama dindindin a cikinsu, kuma babu abin da zai hana wata gwamnati a yankin nan yin haka gobe.

Saboda haka zaɓin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne sim liƙaƙƙe mai karɓar sauyi ta iska, wanda babban layinsa na kamfanin Nijar ne, layin yawo kuma ya zama na ko-ta-kwana. Zai fi tsada a ranar saye, amma kuɗin hayar babur da na ma'aikacin da zai zo daga Maraɗi ya sauya kati, da kayan lambun da suka bushe kafin ya iso, sun fi wannan bambancin.

Hukumar ARCEP tana da aiki a nan. Ya kamata ta ware wa layukan na'urori rajista ta daban da sunan ƙungiyar manoma ko kwamitin ruwa, ta hana karɓe su don sun yi hutun damina, ta kuma tilasta wa masu shigo da kaya su rubuta a takardar ciniki wane irin sim ne a ciki, wane kamfani, kuma wa ke da ikon sauya shi idan dillalin ya rufe shago. Ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da ke raba famfunan sola su sa wannan a sharuɗɗan kwangila, su kuma duba ko na'urar na aiki da 4G, domin ƙasashe irin su Ostireliya sun riga sun kashe 2G, kuma famfo ana sa ran ya yi shekaru 10 ko fiye yana aiki.